Yadda na samu abokin karatun Talmud a jami'a a Amurka

A watan Agustan 2022 na fara digiri na uku a wata jami'a a Amurka, bayan na yi digiri biyu a fannin Larabci a gida. Aikina a kan takardun shari'a ne na Yahudawan da suka zauna a Masar kusan shekara dubu da ta wuce, waɗanda aka samo a ɗakin ajiya na majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira. Solomon Schechter ne ya kwashi kaso mafi girma daga cikinsu zuwa Cambridge tsakanin 1896 da 1897, gutsattsari kusan 193,000. Abin da ya ja ni gare su shi ne da yawansu Larabci ne amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci muka kira shi ajami. Na ɗauka da na haddace baƙaƙen nan 22 kakata ta yanke saƙa. Sati na biyu malamar da ke duba aikina ta miƙo mini hoton wata fatawa ta ce in karanta. Layi huɗu na farko na zuba kamar ruwa, don Larabcin fiƙihu ne irin wanda na saba. A layi na biyar na ci birki. Mai fatawar ya saki Larabci ya shiga wani harshe, ga kuma wasu baƙaƙe bibbiyu masu 'yar alama a sama da ba su haɗu sun zama kalma ba. Ta ce Aramiyancin Talmud ne, wato babban kundin fiƙihu da muhawarorin malaman Yahudawa na dā, kuma malaman nan ba sa yin nisa ba su jawo shi ba, kamar yadda namu ba sa fatawa babu aya ko hadisi. Aji zai ba ni nahawu, in ji ta, amma Talmud sai na nemi wanda zan riƙa zama da shi muna karantawa. Daga ranar zuwa ranar da na zauna gaban abokin karatun sai da aka yi wata biyu cur, kuma fiye da rabin jinkirin rashin sanina ne ya jawo shi.

Na fara da rajistar Ibrananci, nan na yi tuntuɓen farko. Kwas biyu na gani a jerin, na ɗauki wanda lokacinsa ya fi yi mini daɗi. Sai da na yi kwana uku ana koya mini yadda ake sayen shayi da tambayar tashar mota na farga cewa Ibranancin zamani ne, wanda ake magana da shi a Isra'ila, ni kuwa na dā nake buƙata, na Attaura da na malamai. Sauyawa ta ci fom ɗaya da sa hannu uku: na malamata, na mai koyar da sabon kwas, da na ofishin manyan digiri, ga shi saura kwana biyu wa'adin sauya kwas ya cika. Da farko na so in shiga a matsayin ɗan sauraro, wanda ba ya jarrabawa. Ma'aikaciyar ofishin ɗaliban ƙasashen waje ce ta ja kunnena cewa mai bizar ɗalibai ta F-1 dole ya cika adadin kwasa-kwasan cikakken ɗalibi kowane zango, kuma kwas ɗin sauraro ba ya shiga lissafi. Da na bi son raina da na faɗo ƙasa da adadin, takarduna na zama su shiga matsala. Kuɗin kwas tallafin karatuna ya ɗauke, littafin nahawu na hannu na saya dala 40 da 'yan kai. Harshen kansa bai ba ni wuya sosai ba, don mai Larabci yakan ji kamar gidan ɗan'uwa ya shiga: bayit da baiti, shalom da salam, mot da mautu, har da mutuwa tamu ta Hausa, tunda Hausa dangin nesa ce ta harsunan nan.

Sai neman inda ake zaman karatun. A yawancin manyan jami'o'in Amurka wurare iri biyu za ka tarar. Akwai Hillel, wadda aka kafa a 1923 a Jami'ar Illinois, tana tattara ɗalibai Yahudawa na kowane ɓangare, masu tsananin riƙo da masu sassauci da waɗanda al'ada kawai ta rage musu. Akwai kuma gidajen Chabad, ƙungiyar 'yan Orthodox, wato masu tsananin riƙo, mai hedkwata a Brooklyn, inda galibi malami ne da matarsa suke buɗe gidansu ga ɗalibai. Abin da ban sani ba shi ne kusan duk tallar da ake liƙawa ta 'yan digirin farko ce. Na halarci wani taron maraba na ga yara 'yan shekara 18 ana rabon riguna da alewa, ni mai shekara talatin da wani abu na tsaya a gefe kamar wanda ya rako ƙanensa. Wata ɗalibar ajinmu na Ibrananci ce ta ce mini 'yan manyan digiri nasu rukunin daban ne, su ke tafiyar da shi da kansu tare da malamin cibiyar, ba sa talla, kuma sai an rubuta wa mai kula da su.

Wasiƙar nan sau uku na rubuta ta. A ta farko na ɓoye cewa ni Musulmi ne, na ce ɗalibi mai sha'awar tarihi kawai. Da na sake karantawa na ji kunyar kaina, sunana ma ai ya tona ni. A ta ƙarshe na faɗi komai: Musulmi ne ni daga arewacin Najeriya, ga aikin da nake yi, ga sunan malamata, ba addini na zo sauyawa ba, ba kuma muhawara na zo yi ba, karatu nake nema. Na tura ta ranar Juma'a 23 ga Satumba bayan la'asar, wato lokacin da ya fi kowane muni. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar mai kiyaye Shabbat ba ya taɓa waya ko kwamfuta, kuma daren Lahadi 25 ga wata sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, ta kama. Kwana shida shiru. Ni kuwa na gama yanke hukunci a raina cewa sunana suka gani suka kawar da kai, har na fara jin haushi. Sai ga amsa mai layi biyu: ana maraba da ni, amma a bari sai bayan bukukuwa. Nan na koyi cewa wannan magana ce da kowa ya sani a cikinsu, kamar yadda mu ke cewa a bari sai bayan Salla. Azumin Yom Kippur ya zo 5 ga Oktoba, bukin bukkoki na Sukkot mai kwana bakwai ya biyo baya, aka rufe da Simhat Tora 18 ga Oktoba. Kusan wata guda babu wani sabon karatu da ake farawa.

Sati ɗaya bayan haka aka ba ni lokacin ganin malamin cibiyar. Ƙofar a kulle take, sai ka danna ƙararrawa ka faɗi sunanka da wanda ka zo gani, mai gadi ya duba katin ɗalibinka ya leƙa jakarka. Na so in ɗauki abin da zafi, sai na ga wani mai 'yar hular nan tasu a ka shi ma an buɗe jakarsa. Tun harin da aka kai majami'ar Tree of Life a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoban 2018, inda aka kashe mutum 11, wurarensu da yawa suka ƙara tsaro. Wani ƙaramin abu da ya dame ni a hanya shi ne yadda zan kira mutumin, don bakina ba zai iya ce wa ɗan Adam Rabbi ba. Ashe Amurkawa rabai suke furtawa, kuma ma'anarsa malamina. Mun yi minti arba'in. Ya tambayi iya Ibranancina, ya ba ni layi uku na karanta da ƙyar. Sannan ya faɗa mini abin da nake ganin kowa ya kamata ya sani kafin ya zo: akwai maganganu a cikin Talmud da ke taƙaita koyar da Attaura ga wanda ba Bayahude ba, kuma Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, yana da fatawar da ta halatta koyar da Kirista ta hana koyar da Musulmi, hujjarsa ita ce Musulmi suna cewa an sauya nassin. Shi ɗin dai ne kuma ya yanke cewa Musulmi masu kaɗaita Allah ne, ba masu bautar gumaka ba. Malamin ya ce shi yana tare da masu ganin babu laifi a karatun ilimi irin nawa, amma wani ɗalibi zai iya ƙi, kada in ɗauka wulaƙanci ne. Haka kuwa aka yi. Wanda aka fara haɗa mu da shi ya rubuto cikin ladabi ya ce malaminsa bai ba shi izini ba. Abin ya sosa mini rai na kwana ɗaya, sai na tuna mu ma muna da masu irin wannan taka-tsantsan da Alƙur'ani a hannun wanda ba Musulmi ba. A wannan zama ne kuma na tambayi wani shirin karatu na makonni da ake ba mahalarta 'yan kuɗi. Ya ce na ɗalibai Yahudawa ne. Da ma ofishin ɗaliban waje sun gargaɗe ni kada in karɓi kuɗi daga wata cibiya sai na tambaye su, saboda sharuɗɗan biza.

Kafin in fara na kira mahaifina, wanda ya yi shekaru yana ba da karatu a zaure, don ban so ya ji a bakin wani ba. Na ce, “Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai karatun da zan fara a wajen Yahudawa.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kiranka suke yi zuwa addininsu?” Na ce a'a, ba sa neman mabiya, mai son shiga ma sai ya sha wuya. Ya ce, “To suna da sanadi?” Na ce littafin nasu cike yake da malam wane ya faɗa da sunan malam wane. Ya ce, “Ka je. Kai dai ka riƙe sallarka a kan lokaci.”

Daren Talata na farkon Nuwamba na shiga ɗakin da suke kira bet midrash, daga tushe ɗaya da darasi da madarasa. Na zaci shiru zan tarar irin na laburare. Hayaniya na tarar kamar makarantar allo da hantsi: mutane kusan ashirin, bibbiyu, suna karatu da ƙarfi, suna nuna wa juna yatsa, wani na kaɗa jiki gaba da baya. Wannan zama na mutum biyu shi ne habruta. Babu kuɗin shiga, akwai ma abinci kyauta a gefe. Abokina ɗalibin digiri na uku ne a kimiyyar lissafi, ya yi shekara biyu a makarantar addini kafin jami'a. Da ya buɗe littafin sai na ji kamar na san shi. Matani a tsakiya, wato Mishna da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya da tattaunawar Gemara a kanta, sharhin Rashi na Faransa, wanda ya rasu a 1105, ta ɓangaren ɗinki, hashiyar Tosafot ta waje, tamkar tsofaffin littattafan fiƙihu na zaurenmu. Babu wasali, kusan babu alamar tsayawa, sharhin kuma da wani salon baƙi daban wanda sai da na ƙara sati biyu ina koyo. Kusan kowane littafi daga warƙa ta 2 yake farawa, kuma kusan duk bugu na yau yana bin shafukan bugun Vilna na shekarun 1880, don haka in aka ce warƙa ta 21 fuska ta biyu, ko'ina a duniya wuri ɗaya ake nufi. Ban sayi komai ba a watan farko, shafin intanet na Sefaria yana da nassin da fassarar Turanci da ƙamusun Jastrow na 1903 duk kyauta. Daga baya na sayi juzu'i ɗaya mai wasali, na hannu, dala 30.

Babin tsintuwa muka fara, a Baba Metziya, ɗaya daga littattafan Talmud, inda yara da yawa suke farawa. Wane abu ne in ka tsinta ya zama naka, wanne ne sai ka yi cigiya? Kuɗi a warwatse naka ne, don ba su da alama kuma mai su ya fid da rai. Mai alama sai an yi cigiya. Nan da nan na tuna babin luƙaɗa, wato tsintuwa a fiƙihunmu, da hadisin da ya ce a san jakar da maɗaurinta sannan a yi cigiya shekara guda. Sai aka zo saɓanin malamai biyu, Abaye da Raba: in mutum bai ma san kayansa sun faɗi ba, ana lissafa shi ya fid da rai tunda da ya sani zai fid? Raba ya ce e, Abaye ya ce a'a, aka jero hujja bayan hujja har aka tsaya kan maganar Abaye. Matsalata ba nassin ba ce. Duk abin da abokina ya faɗa sai in ce haka ne, in rubuta. Haka na tashi: malam ya biya, ka maimaita, in kana da tambaya ka kawo ta a sunkuye. A zama na uku ya rufe littafin ya ce ba ni da amfani a gare shi. Kunnuwana suka yi zafi. Sai ya buɗe warƙa ta 84 ta wannan littafi ya nuna mini labarin Rabi Yohanan: da abokin karatunsa Resh Lakish ya mutu, aka kawo masa wani haziƙi wanda duk abin da ya faɗa sai ya kawo nassin da ke goyon bayansa. Rabi Yohanan ya koka cewa marigayin yakan kawo masa suka 24 shi kuma ya ba da amsa 24, da haka karatun ke faɗaɗa. Abokina ya ce shi ba malamina ba ne, in ban musa masa ba gara ya zauna shi kaɗai. Wata guda na yi kafin bakina ya iya cewa “ban yarda ba” ba tare da na ji na yi rashin kunya ba. Ranar da na kawo masa bambancin da Malikawa ke yi tsakanin ɗan abin da ba a damuwa da shi da abu mai daraja, na ce wannan ya fi nasu sauƙin aiki, ya buga tebur don murna, muka kwashe awa guda a kai. Wani ya taɓa gayyata ta shirin Daf Yomi, warƙa ɗaya kullum har a sauke warƙa 2,711 cikin kimanin shekara bakwai da rabi, tsarin da Rabi Meir Shapiro ya kawo a 1923. Na yi dariya, mu da muke sati uku kan warƙa ɗaya.

Cin abincin daren Juma'a shi ne inda ake sanin mutane, kuma shi ma da ƙa'idarsa. Ana rubuta suna kafin Laraba don a san yawan abinci. Kyauta ne ga ɗalibi, mai son ba da gudummawa yakan ba da dala 18 ko ninkinta, don a lissafin baƙaƙensu 18 ita ce kalmar rai. Na yi kurakurai uku a dare ɗaya: na miƙa wa wata mata hannu ta dafa ƙirji ta ce ba ta musabaha da maza, ni da na bar wannan ɗabi'a a gida don kada a ce ban waye ba, na ciro waya zan ɗauki hoto, sannan bayan wanke hannu na yi ta yi wa na kusa da ni magana yana gyaɗa kai kawai, ashe ba a magana tsakanin wanke hannu da gutsurar burodi. Ana albarka a kan giya, amma akwai ruwan inabi mara sa maye, ka tambaya tun kafin a zuba. Naman yankansu ina ci bisa aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, sai dai abincin kosha, wato halal ɗinsu, yana iya ɗaukar giya a miya, don haka nakan tambayi mai girki. Magariba kan faɗa daidai lokacin da suke addu'arsu, na roƙi wuri aka buɗe mini ɗakin littattafai. A 2023 azumi ya haɗu da bukinsu na Pesah, muka mai da karatu bayan tarawihi na 'yan makonni.

Bayan harin 7 ga Oktoban 2023 a Isra'ila da yaƙin Gaza mun yi sati uku ba mu haɗu ba. Yana da dangi a Isra'ila, ni kuma a masallacinmu akwai waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa a Gaza, wasu ma sun tambaye ni me nake yi a can har yanzu. Da muka haɗu ba mu buɗe littafi ba, muka yi awa biyu muna magana, muryoyi suka tashi. Ba mu daidaita ba, har yau ba mu daidaita ba. Talatar da ta biyo ya turo mini lambar warƙar da muka tsaya, na je.

Da zan sake daga farko, kalandarsu zan fara dubawa kafin ta jami'a, in rubuta wasiƙa a Agusta ko in haƙura sai ƙarshen Oktoba, kuma ba ranar Juma'a ba. Zan nemi rukunin 'yan manyan digiri kai tsaye, ta bakin ɗalibai ko malaman sashen nazarin Yahudanci. Zan tambayi ɓangaren da wurin yake bi, don abin da masu sassauci irin 'yan Reform ko Conservative suka ɗauka ba komai ba, wani ɗan Orthodox sai ya tambayi malaminsa, kuma 'yar'uwa mace ta tambaya ko ana haɗa maza da mata a karatun, tunda ba ko'ina ake yi ba. Zan koyi baƙin Rashi, wato salon baƙin sharhin nan, tun a gida. Zan kuma roƙi a haɗa ni da wanda ya fi ni nisa amma ba malami ba, mu yanke rana ɗaya a sati, awa ɗaya da rabi, don wadda muka fara gwadawa ta “duk ranar da muka samu sarari” sati biyu ta yi ta mutu.

A ƙarshen zangon farko na koma kan hoton fatawar nan. Baƙaƙe biyun da suka tsayar da ni taw ne da shin, taƙaicen ta shema, wato zo ka ji, kalmar da Gemara ke buɗe sabuwar hujja da ita. A babin tsintuwa kaɗai na ci karo da ita fiye da sau goma. Na karanta wa malamata layin har ƙarshe, ta gyara mini wasali biyu, ta miƙo mini wata takardar.